Gwadabanci

A unguwarmu, in mutum ya kawo shawara mai daɗin ji wadda ba za ta taɓa aikatuwa ba, sai a ce ya yi Gwadabanci. Daga sunan yayana aka samo kalmar, Malam Gwadabe, wanda ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai farar zuciya. A wurinsa babu abin da zama da fahimtar juna ba za su gyara ba.

Matarsa Tasalla tana da ɗan lambu a bayan gida, alayyafo da yakuwa, ta kewaye shi da dangar kara. Ta fi kwana arba'in tana jan guga tana ban ruwa, don da ganyen za ta yi miyar taushe ranar sunan jikarsu. Saura kwana uku suna, Malam ya dubi dangar ya ce ba ta kwanta masa ba, wai danga zargin maƙwabta ce. Bayan la'asar ya tara masu awakin layin a ƙofar masallaci, ya yi musu dogon jawabi a kan amana. Kowa ya yi alkawarin dabbarsa ba za ta kusanci shukar wani ba, aka shafa fatiha. Ya dawo ya tuge dangar, ya miƙa wa Tasalla karan ya ce ga na girki.

Washegari da hantsi ta fito da bokiti, ta tarar da awaki bakwai a cikin lambun, sun aske shi tas. Ta dire bokitin.

"Malam! Fito ka ga 'yan amanarka."

Ya zo ya tsaya, ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ai kuskure aka samu. Jiya fa kowa ya amince. Alhaji Mati, mai wancan bunsurun, shi ne ma ya ja mana addu'a."

"To miyar sunan fa? Da addu'ar zan kaɗa ta?"

"Kwantar da hankalinki. Yau ma bayan la'asar zan sake tara su, a ƙara fahimtar juna."

Tasalla ta dubi bunsurun yana tauna ganyen ƙarshe, ko a jikinsa. Ta ɗauki bokitinta ta ce:

"To Malam, wannan karon a gayyaci awakin. Na ga jiya ba su samu zuwa ba."