Yajin Inna a Murhun Koriya

Ko zan manta da komai na zaman Dubai, ba zan taɓa mantawa da ranar da Hadiza ta gayyace ni cin abincin Koriya ba. Lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, ita kuma nas ce, na fi shekara ina sonta ban samu bakin faɗa ba. Na ɗaura niyyar ranar zan furta. Na fito daga unguwarmu ta International City da sabuwar shadda, ina isa gidan abincin sai na tarar da ita da ƙawayenta biyu da wani Isuhu, ɗan Damagaram mai safarar kayan gyaran mota daga Koriya. Dogo ne, ga ƙamshi, ga Faransanci.

Tun daga bakin ƙofa raina ya ɓaci. Isuhu ya gaida ma'aikatan da yarensu har da rusunawa, Hadiza ta yi masa irin dariyar da ni ban taɓa samu ba. Shi ya tabbatar mana naman halal ne, shi ya koya mata riƙe tsinkayen cin abinci, ni kuwa nawa sai sulɓewa suke. Kishi ya cika ni fal, ba zan ɓoye muku ba.

A gidan abincin, ɗanyen nama ake kawowa, kowane tebur da murhunsa a tsakiya, ka gasa da kanka. Akwai wani bututun ƙarfe da ya sauko daga rufi zuwa kan murhun, kuma daidai fuskar Hadiza ya tsaya min. Ina jin ƙus-ƙus ɗinsu, ba na ganin komai. Na sa hannu na tura shi can sama. (Ashe zuƙe hayaƙi ne aikinsa, amma wa ya tambaya?)

Da nama ya iso na ce yau ga fagena. Isuhu dai ya je Koriya, amma ni a gindin tukubar mai tsiren unguwarmu na girma. Na karɓe abin juya naman daga hannunsa, na zaro ƙullin yajin da Inna ta aiko min daga Kano, wanda ba ya barin aljihuna.

"Mon frère, shwayya-shwayya," in ji Isuhu. "A hankali ɗan'uwa, garwashi ne fa a ƙasa."

"Habibi, zauna ka ga aiki," na ce, na zazzage rabin ƙullin.

Barkono ya sauka kan garwashi. Teburinmu ya fara tari, na kusa ya karɓa, kafin a jima gidan abincin gaba ɗaya ya ɗauka. Wani dattijon Bakoriye yana atishawa yana nuna ni da tsinke. Hadiza ta toshe hanci da mayafi, kwallinta ya gangaro har haɓa. Sai ƙararrawar gobara ta kama kuka, aka kwashe mu waje gaba ɗaya, ni ina riƙe da ƙullin yaji, majina na zuba kan sabuwar shadda.

Isuhu ya ba manajan haƙuri da yarensu, ya miƙa wa Hadiza hankici, ya nemo mata taksi. Abin da ya fi ƙona min rai, ko dariya bai yi min ba.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aurensu. Har yanzu duk zan tafi gida sai Hadiza ta kira ni, ta ce, "Yaya, a taho mana da yajin Inna, maigidan yana so." Kuma ina kawowa. Tun ranar dai duk abin da na ga ya tare min gani, barinsa nake inda masu wajen suka ajiye shi.