Jan Layi da Turmin Atamfa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ɗaura aniyar gyara halin ɗan Adam da jan biro ba. A lokacin ina da cikakken yaƙini cewa manyan daulolin duniya ba takobi ne ya rushe su ba, makara ce, kuma da an samu mutum ɗaya mai riƙe da rajista a ƙofar kowace daula yana jan layi ƙarfe takwas daidai, da tarihin da na koyar shekara goma sha ɗaya a aji ya fi haka tsafta. Da wannan aƙida na ajiye alli, na kama aiki a wani ƙaramin kamfanin matsar man gyaɗa da ke bakin Gwarzo, kan hanyar Kabo.

Ma'aikata talatin da 'yan kai ne. Mai kamfanin, wanda kowa ke kira Alhaji kawai, ya ba ni muƙamin jami'in kula da ma'aikata, saboda ya ji an ce manyan kamfanonin Kano duk suna da irinsa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, har Alhaji ya mayar da ranar hutunmu daga Lahadi zuwa Juma'a. Kuma shekarar tsuke bakin aljihu ce: wuta ba ta zuwa, dizal ya yi tsada, gyaɗar ma sai an yi rububi a kasuwa. Raɗe-raɗin za a rage ma'aikata ya cika ko'ina, tun daga wurin suya har wurin ɗura mai a jarka. Wata rana Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, jikin mutanen nan ya yi sanyi. Kai ka yi karatu. Ka san yadda za ka yi ka sa musu son aikin nan a rai."

Na kuwa sani, domin ina da littafi. Wani littafin Turanci ne kan yadda ake tafiyar da ma'aikata, na saye shi a gefen titi a Kano, ba bango, kuma shafuka arba'in na farko sun ɓace (har yau ina zaton duk abin da ya kamata in sani yana cikin waɗannan arba'in ɗin).

Abu na farko, na buɗe rajista a bakin ƙofa. Ƙarfe takwas na bugawa sai in ɗora rula in ja jan layi, kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Na tara su na sanar cewa duk wanda sunansa ya faɗa ƙasan layi sau uku, ko ya yi fashi, shi za a fara sawa a takardar sallama. Gaskiya Alhaji bai ce in faɗi haka ba. Ni na ƙara, don maganar ta yi nauyi.

Abu na biyu, na yaƙi gaisuwa. Na tsaya da agogo na auna, na tarar kafin a kunna inji da safe sai an ci fiye da minti ashirin ana ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya yara, ya mai jiki, ya aka ji da zafi, kowa da kowa, kamar jiya ba tare suka tashi ba. Na rubuta sanarwa da kyakkyawan rubutuna na manna a bango: A GAISA A TAƘAICE. Sale heluma, wanda ke shugabantar leburori, ya tsaya ya karanta ta a hankali yana motsa baki, sannan ya juyo.

"Malam, wato in an ce ina kwana, shi ke nan? Ba a tambayi gida ba?"

"Gida yana gida, Sale. Nan wurin aiki ne."

"To, Allah ya ba mu ikon bi," in ji shi.

Sun bi, amma a gabana kawai. Daga baya na gane gaisuwar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa bayan rumbun ƙuli-ƙuli, inda ba na zuwa. Mutum ɗaya tak aka daina tambaya ya gida, aka kuma daina gaya wa labarin gida, wato ni. Ga shi a Kabo nake kwana, ana tashi nake hawa babur ɗina in kama hanya.

Abu na uku shi ne kyauta. Littafin ya ce a zaɓi ma'aikacin da ya fi kowa himma a karrama shi a gaban jama'a, a ɓoye sunansa har sai ranar, kuma kyautar ta zama wadda iyalinsa za su amfana, don gida ma ya ji yana cikin kamfani. Ban sha wahalar zaɓe ba, rajista ta yi mini aikin. Malam Isiyaku mai suyar gyaɗa, dattijo mai kimanin shekara hamsin da biyar, da keke yake zuwa daga ƙauyen Lakwaya, kuma wata huɗu cur sunansa bai taɓa sauka ƙasan layi ba. Ba ya fashi, ba ya surutu. Na lura ya rame, idanunsa sun faɗa, sai na rubuta a littafina cewa alamar ƙwazo ce. Na shiga kasuwar Gwarzo da kaina na zaɓo turmin atamfa mai ruwan ganye, na ce wannan ta matarsa ce.

Sau biyu Sale ya so ya cece ni. Wata Asabar da safe ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ko ka ji abin da ya sami Malam Isiyaku?" Na ɗaga masa hannu kamar ɗan sandan hanya. "Maganar aiki ce?" Ya ce a'a. Na leƙa rajista, ga sunan Isiyaku a saman layi, bakwai da minti arba'in. Na ce, "To ga shi ya zo. Sauran a bari sai an tashi." Da aka tashi ina kan babur. Karo na biyu ya fara da "Malam, game da gidan Isiyaku," sai na zaci ya gano sirrin kyautata ne, na kashe masa ido na ce, "Na sani, Sale, na san komai. Kar ka gaya wa kowa." Ya dube ni da wani irin kallo, ya tafi. Ina jin ya ɗauka na je ta'aziyya a ɓoye, har ya ƙara ganin girmana.

Ranar taron na so in kawo masu kalangu, Sale ya ce, "A wannan marra ta Shari'a, Malam? So kake a zo a kwashe mu?" Sai muka tsaya a kan addu'a da lemo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, aka aro lasifika daga masallaci. Liman ya buɗe, Alhaji ya zauna a kujera, ni kuma na miƙe da babbar rigata ta sallah na yi jawabi na rabin awa, a ciki na ce kamfani gida ne, mu duka iyali ɗaya ne. Sannan na yage ambulan da ni na liƙe shi da hannuna, na yi kamar ina mamaki, na kira sunan Malam Isiyaku.

Ya taso a hankali, yana goge hannu a jikin riga. Na ce a tafa masa. Ba wanda ya tafa. Na ɗauka hassada ce, don littafin ya yi gargaɗi a kan haka, sai na maimaita da muryar aji, "Na ce a tafa masa!" Mutum biyu suka haɗa hannu sau ɗaya suka sauke. Na ga Alhaji ya gyara zama yana ɗaga mini yatsa, na zaci jinjina ce.

Na dafa kafaɗar dattijon na ce, "Ku dubi mutumin da ya fifita aikinsa a kan komai! Ko me ke faruwa a gidansa, ƙarfe takwas yana nan." Na ɗauko atamfar na ɗora masa a hannu. "Wannan ta uwargida ce. Ka ce mata in ji ni ta yi haƙuri da mu, mun ƙwace mata miji. Ta ɗinka, in an yi taron baɗi ta zo mu gan ta a ciki."

Wani daga baya ya ce innalillahi. Sale ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Malam Isiyaku ya tsaya riƙe da atamfar da hannu biyu, kamar an miƙa masa jariri, yana kallonta. Ya matso kusa da ni don ya yi maganar a hankali, ya rufa mini asiri, bai san bakinsa yana daidai lasifika ba.

"Na gode, Malam. Allah ya saka. Sai dai ta rasu. Yau kwana goma sha ɗaya."

Har masu ɗaukar buhu a bakin titi sun ji.

Na karanta littattafai da dama, amma ban taɓa cin karo da wanda ya faɗi inda mutum zai ajiye hannuwansa a irin wannan lokaci ba. Nawa ɗaya yana kan kafaɗarsa, na rasa yadda zan ɗauke shi. Abin da ya fito daga bakina, cikin lasifika, daura da sanarwar da na manna da kaina, shi ne, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." Liman, Allah ya ji ƙansa, ya ɗaga hannu ya fara addu'a ba tare da an ce ya fara ba, aka shafa, aka watse. Lemon nan ko buɗe shi ba a yi ba.

Juma'ar da ta biyo na tafi Lakwaya. Na tarar da shi a zaure, ya shimfiɗa mini tabarma, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi lafiyar mahaifiyata da ban san ya san tana raye ba. Na yi ta'aziyya. Na daɗe ina murza hula kafin in tambaye shi me ya hana shi neman izini.

"To, Malam, ka ce wanda ya yi fashi shi za a fara cirewa. Ga ta kwance wata biyu, ga yara. In aka cire ni, ina zan nufa?"

Ya ce ranar Alhamis ta cika, da hantsi, yana gaban kasko. Sai da ya koma gida da yamma ya tarar. Aka yi jana'iza, washegari Juma'a ya zauna karɓar gaisuwa, duk ma'aikata suka zo, har Alhaji. Asabar ya bar ƙannensa a kan tabarmar makoki ya hau keke.

"Ai ta san ka," ya ce, har da ɗan murmushi. "Kullum ita ke tashina, ta ce yi sauri kar Malam ya ja layi. Ranar ce kaɗai ta ce in ɗan zauna. Na ce mata in na dawo."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da zargi ne da na fi samun sauƙi. Na buɗe baki in gaya masa cewa maganar takardar sallama ni na ƙirƙire ta, Alhaji bai taɓa faɗa ba, sai na ga in na faɗa nauyin zai sauka daga kaina ya koma nasa. Na haɗiye maganar. Ban sani ba ko tausayi ne ko tsoro, na fi zaton tsoro. Atamfar ya ce ya ba babbar 'yarsu, ta sa a akwati, ta ce ba za ta iya ɗinkawa ba tukuna.

Washegari na yage sanarwar, na jefa jan biron a kwata. Bayan wata guda takardar rage ma'aikata ta fito da gaske, da suna ɗaya a ciki. Alhaji ya kira ni ofis, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi hanyar Kabo da lafiyar babur. Sai da ya cika minti goma sha biyar (na duba agogo, hali ba ya barin mutum) sannan ya ce kamfani ba zai iya riƙe wanda ba ya suya, ba ya matsa, ba ya ɗura ba. Ban taɓa jin an kori mutum da ladabi irin haka ba.

Na koma aji. Abin da na koya, wanda nake gaya wa duk tsohon ɗalibina da aka ba shi shugabancin mutane, shi ne in kana so ma'aikaci ya riƙe maka aiki a lokacin tsanani, ka tambaye shi ya gida, kuma ka tsaya ka ji amsar, ko da injin zai jira. Minti ashirin ɗin nan da na auna da agogo, su ne kaɗai sashen kula da ma'aikata da kamfanin ya taɓa mallaka, ni kuwa aka ɗauke ni aiki na rufe shi.

Malam Isiyaku bai rasa aikinsa ba, sunansa bai taɓa sauka ƙasan layi ba. Bayan wata bakwai janareto ya mutu, kamfanin ya rufe.