Yadda Za Ka Baro Gidan Surukan Ɗanka Turawa da Yunwa

Kai ɗan Indiya da ɗanka ya auro 'yar Kanada, matso kusa. Na karanta littattafan Bature har idona ya lalace, babu wanda ya faɗi abin da zan koya maka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka tashi daga teburi cike da abinci cikinka na kuka, mutuncinka daram. A garin Brampton na Kanada na gwada.

1. Tafi da ciki fayau

A garinmu Surat na Indiya, cin abinci kafin ka je gayyata zagin masu gida ne. Ɗanka Nikhil zai ce maka a mota, "Baba, don Allah in an ba ka abu, ka karɓa kawai." Yi masa kallon wanda karatu ya ɓata.

2. Ka ce a'a

Doreen, uwar matar ɗanka, za ta miƙo kwanon dankalin da ta dafa musamman saboda ba ka cin nama. Ɗaga tafin hannu: "A'a, a'a, na ƙoshi." Duk ɗan gidan mutunci ya san wannan buɗe ciniki ne. A'a ta farko ladabi ce, ta biyu tarbiyya, bayan nan a kama maka hannu a zuba.

3. Ka jira

Doreen za ta ce, "To, shi ke nan," ta wuce da kwanon. Mutanen nan suna da wata muguwar ɗabi'a: in ka faɗi magana, sai su yarda da kai.

Nikhil zai taɓo ka ta ƙarƙashin teburi, ya raɗa maka, "Baba, ba fa za ta sake tambaya ba."

Ka ce, "Rufe mini baki. Bara na zo yi?"

Mijin Doreen zai yaba da yadda kake kula da lafiyarka, sannan ya cinye rabonka a gabanka.

4. Kada ka tuna matarka

Wannan matakin ya fi wuya. Matata marigayiya Sulochana ba ta taɓa jin a'ata ba. In na rufe faranti da hannu biyu, a kan yatsuna take zuba miyar: "Ɗauke hannu, tsoho, wa kake yaudara?" Na yi rayuwata ina ƙorafin ba ta sauraron maganata. Yanzu ga ni a ƙasar da kowa ke saurare.

5. Yi hattara da matar ɗanka

A bakin ƙofa, kana sa takalmi, matar ɗanka Heather za ta fito da kwano a ƙunshe.

"Baba, ga wannan."

"A'a, 'yata."

"Ku karɓa mana."

"Na ƙoshi, na ce."

Za ta dubi mijinta, fuskarta ta yi jawur, ta dangwara maka kwanon a ƙirji: "Ai ba tambayarku nake yi ba."

A nan shiri yake rushewa. Juya ka dubi dusar ƙanƙarar da ke waje, ka ce sanyi ne ke sa idonka ruwa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi wannan jagora jiri ya kwashe shi, ko aka kama shi yana share ido a ƙofar mutane, ba ruwana, kada a neme ni. Dankalin ma ko ɗigon barkono babu a ciki. A tsaye na cinye shi.