Zanen Godiya da Rufin Gida

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe wani mutumin unguwarmu ya ba da yen dubu biyar, kuɗin ƙasar nan. Guguwa ce ta yaye rufin gidan tsofaffi, kwamiti na tara gudummawa. Ya bayar, ya rusuna, ya koma gida hankalinsa kwance.

Ranar Alhamis sai ga shugabar kwamiti, Kuwabara-san, da ƙunshi a hannu. Dokarsu ce, duk wanda ya taimaka a kai masa zanen bugun katako don godiya, wato zanen da ake bugawa a takarda da sassaƙaƙƙen katako. Ya buɗe, sai ga jan kifi yana tsalle a ruwa. Ta ce wani tsohon gwani ne ya sassaƙa katako goma sha biyu, kowane launi da nasa.

Tana fita mutumin ya dafe kai. Kowa ya san ba a karɓar kyauta a yi shiru, sai an rama da abin da ya kai rabin darajarta. Matarsa ta ce ai wannan godiya ce, ba a rama godiya.

Ya ce, "Katako goma sha biyu fa! So kike a ce ba mu da tarbiyya?"

Ya ɗauki buhun sabuwar shinkafa ya kai. Kuwabara-san ta duba doka, ta ga wannan ma gudummawa ce, kuma ta fi ta farko. Washegari ta kawo zanen dutsen Fuji, wanda ya ninka kifin girma.

Mutumin ya kai tukunyar dafa shinkafa. Aka kawo zanen gada. Ya kai barguna da na'urar ɗumama ɗaki. Aka kawo zanen mata uku da laima. Kullum su haɗu a bakin ƙofa, ya rusuna, ta rusuna ta fi shi, ya ƙara, har bayansa ya riƙe. Ita ba ta iya karya doka, shi ba ya iya barin kyauta ta kwana a wuyansa.

Kafin wata ya ƙare bango ya cika, ɗaki ya zama wayam. Ya rasa abin kaiwa, sai ya ɗaga kai sama. Ashe ma rufi suke nema tun farko! Ya hau tsani ya kwashe tayil ɗin rufinsa, ya tura a amalanke.

Ranar Asabar da rana ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Matar na zaune a tsakiyar ɗaki da laima, Kuwabara-san ta iso a jiƙe da zane mafi girma: wani gida a cikin ruwan sama, rufinsa lafiya lau.

Bayan ta tafi, ya daɗe yana kallon zanen. Can ya nisa ya ce, "Uwar gida, wannan kuma da me za mu rama?"

Ta ce, "Da ni. Naɗe ni a takarda mai kyau ka kai. Can shinkafata take, can bargona yake, can rufina yake."

Ya auna maganar, sannan ya girgiza kai.

"A'a. In kai ki su aiko wani zanen, in rama da wa?"