Yadda Za Ka Zaɓi Ƙwallon Badminton Ba Tare da An Gane Ba Ka Iya Ba

Ni ne Pak Darsono, wato Malam Darsono a yarenmu. Shekara goma sha ɗaya ina cikin 'yan wasan unguwarmu a garin Tegal, ban taɓa cin kowa ba, ba a kuma taɓa cire ni ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai ma sunanka zai fito a gasar sha bakwai ga Agusta, ranar bikin 'yancin ƙasarmu.

Mataki na ɗaya: Raina ta roba

Ƙwallo iri biyu ce, ta gashin tsuntsu da ta roba. Ko da wasa kada ka zaɓi ta roba. Muguwa ce, ba ta karyewa. In ka buga iska, kowa ya san kai ne. Da an miƙo maka ita, riƙe ta da yatsa biyu ka ce, "Wannan ai ta 'yan firamare ce."

Mataki na biyu: Yi bincike

Ɗauki ta gashi, ɗaga ta sama, kanne ido ɗaya. Tambayi mai ita, "Gashin dinya ne ko na agwagwa? Fiffiken hagu ko na dama?" Ba zai sani ba. Kai ma ba ka sani ba, amma kai ka fara tambaya.

Mataki na uku: Turara

Masana kan turara ƙwallo don gashin ya yi laushi. Ɗora kwalin ƙwallon a kan tukunyar shinkafar gidanku, ka bar mutane suna jira a fili. In Allah ya so ka, kafin ka dawo ruwan sama ya sauko. Matata ta ce shinkafarmu na warin akurki. Mata ba su san wasanni ba.

Mataki na huɗu: Nemo mai laifi

Duk bugun da ya kuɓuce maka, tsinci ƙwallon ka nuna gashin da ya tsage. Gashi goma sha shida ne a jikinta, kana da uzuri goma sha shida ke nan.

Mataki na biyar: Guji Bu Sumarni

Bu, wato Malama. Mai suyar tempe ce, wainar waken soya, a bakin fili, jikokinta huɗu. Bana gurbi ɗaya ya rage a cikin 'yan wasan gasar, ta ce tana so. Mai unguwa, Pak Wardoyo, ya ce mu kara, wanda ya ci ya shiga. Da ta roba aka fara, ta yi mini ashirin da ɗaya da uku, da silifa a ƙafarta.

Na ce, "Pak, da ta gashi ce da kun ga aiki."

Ta goge hannu a zani. "Ɗauko taka, Pak Darsono. Wadda ka turara da kanka."

Ashirin da ɗaya da biyu. Na tsinci ƙwallon ina jujjuyawa, ko gashi ɗaya bai tsage ba. Wallahi na ji kunya.

"Hagu ne ko dama?" in ji ta.

Pak Wardoyo ya dafa kafaɗata. "Ka ga yadda ƙwallon nan take tashi? Ashe kana da baiwa. Daga yau kai ne mai turara wa unguwa ƙwallo."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban san ka ba. In aka turo ka kicin wurina, zo da tukunyarka, matata ta ɓoye tamu.