Rasuwar Goggo Mai Ƙusumbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru, Baba Hamajoda na unguwar Tongo a garin Ngaundere, tsohon mai loda shanu a tashar jirgin ƙasa, tare da maiɗakinsa Dada Astajam, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa leƙe ta tagarsa, rasuwar talabijin ɗinsa, wadda aka fi sani da Goggo Mai Ƙusumbi. Ta cika ranar Laraba da la'asar, a kan teburinta, ana tsakiyar waƙa.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne a kan amalanke, a naɗe cikin bargo, tun gemun Baba yana baƙi wuluk. Daga ranar ba ta taɓa yin yaji ba. Mace ce mai jiki da natsuwa, ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai ta ce "tsiiii", ta yi shiru tana nazari, a ɗora shayi a sauke, sannan hoto ya fito yana miƙa. In tasha ta rufe kuma ta ce "shaaaa", kowa ya tashi ya nemi takalminsa ba sai an kore shi ba.

A fuskarta unguwar nan ta ga finafinan Indiya na da, waɗanda Baba ke cewa su ne fim, na yanzu duk tallan sabulu ne. Hujjarsa a fili take. A wancan zamani mugu yana da gashin baki da muguwar dariya, daga shigowarsa ka san shi, ba sai ka ɓata wata guda kana zargin mutanen kirki ba. Baba yana girmama finafinan ƙasar Sin, don almajirin faɗa zai yi shekaru yana ɗebo wa malaminsa ruwa a kan dutse bai ɗaga ido ba. Kaboyi ne kawai bai taɓa yafe wa ba. Mutum ya hau doki yana korar shanu da ihu da harbin bindiga, ko saniya ɗaya bai san sunanta ba. Sai Baba ya kauda kai ya ce, "Goggo, waɗannan ba makiyaya ba ne, 'yan haya ne." Dada Astajam kuwa nata shi ne dogon wasan nan na mutanen Meziko da ake juyawa da Faransanci, inda mace za ta kwana tana kuka kwalliyarta ba ta goge ba. Baba ya rantse ba ya kallonsa. Duk gidan shi ya fi sanin wa ya ci amanar wa.

Amma babban aikin marigayiya ba nuna fim ba ne. Baba yana da ɗan fari. Shi ba zai faɗi sunan ba ko an sa masa wuƙa a wuya, don haka mu da aka ba alƙalami za mu faɗa a madadinsa: Jubairu ne, mai shagon kayan babur a kasuwa, wanda shi ma furfura ta fara leƙo masa. Tun da aka haife shi Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dubansa ya yi masa magana ba, shi ma ɗan ba ya zama inda uban yake haka siddan. Kunya ce, kuma ba wanda ya ga aibunta. Sai Allah ya kawo Goggo da ciwonta. Tun tana da ƙuruciya hotonta yakan kama gudu sama kamar an koro shi, kuma duk gidan ba wanda ya san inda ake marinta ta dawo hayyacinta sai Jubairu. Wasu sun gwada, ta ƙi su. Mai jinya kuwa dole ya zauna kusa da majinyaci. Da wannan hujja ya sami kujera a falon ubansa. Ya yi aure, ya koma wata unguwa, ya sayi tasa talabijin mai faɗin ƙofa, amma kullum la'asar sai a ji babur ɗinsa a ƙofar gida, wai ya zo duba jikin Goggo.

A gabanta ake yin maganar da ba a yi. Jubairu ya zaɓi kaset, Baba ya yi sharhi. Lokacin da Jubairu ke shirin tattarawa ya koma Duwala, ya sa fim ɗin wani saurayi da ya bar ƙauye ya nufi birni. Baba ya dubi gilashin talabijin ya ce, "Goggo, ki gaya wa yaron nan na cikin fim, can ba wanda zai tambaye shi ko ya ci abinci." Tafiyar ba ta yiwu ba. Shekarar da shagonsa ya yi gobara aka sa na Sin, jarumi ya sha kashi har ya kasa ɗaga kai. Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Zai tashi. Na san gidan da ya fito." Jubairu ya ɗan gyara eriya ba tare da ta nemi gyara ba, ya ce, "Goggo, ya ji."

Ciwon ajali ya fara mata ne da launi. Aka wayi gari kowa a cikinta ya koma kore, har amarya. Daga nan fuskoki suka yi tsawo, maɓallin canza tasha ya karye aka koma murɗa ta da filaya, tana cewa "ƙas, ƙas" cikin haƙuri. An kai ta wurin Misye Cinda mai gyara, ya buɗe bayanta, ya hura ƙura, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Papa, wannan ai ko waɗanda suka haife ta sun mutu." Aka dawo da ita gida. Ranar Laraba, jaruma tana zagaya bishiya cikin ruwan sama, sai Goggo ta ce "fuf". Hayaƙi siriri ya tashi daga ƙusumbinta, duniyar cikinta ta tattare ta zama ɗigo fari, ɗigon ma ya tafi. Jubairu ya mare ta inda ya saba, ya sake marinta a hankali, sannan ya tsaya ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ɗauki takalminsa ya fita. Tun daga ranar iyakarsa zaure, ya gaida uwarsa daga nesa ya juya. Abin yana cin Baba ƙwarai, har shayin la'asar ya daina shiga.

Ƙaramin ɗansa, Dalil, ya bugo waya daga Yawunde ya ce, "Baba, kar ka sa wa ranka damuwa, zan aiko maka da sabuwa, siririya, ta maƙalawa a bango."

Baba ya ce, "Tana ciwo?"

"Haba Baba, sai ta shekara goma ba a taɓa ta ba."

"To riƙe abarka."

Dalil ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, na'urar bidiyo, wanda shi ma tsufa ya sa yana tauna kaset. Ta bar eriya a kan gora, filaya guda, mayafin leshi da Dada ta saƙa mata, da marayun kasakasai cike da kwali waɗanda yanzu ba su da mai nuna su. Ta kuma bar mutum biyu da ba su da tafinta.

Game da jana'iza, masu sayen tsofaffin ƙarafa su daina zarya, ba za a ba da gawa ba. Za ta ci gaba da zama a kan teburinta cikin mayafinta. Wanka da sutura ba wanda zai taɓa sai wanda ya yi jinyarta, don haka an ɗage komai har ya zo. Zaman makoki a falo ne, kullum bayan la'asar, kuma mai gida bai yanka ranar tashi ba. Akwai shayi da ƙosai. Jiya Dada ta ji Baba zaune gaban gawar shi kaɗai yana cewa, "Goggo, in kin ga mai babur ɗin nan, ki ce masa ba sai da mara lafiya ake zuwa gida ba." Da yake marigayiya ba ta da bakin isarwa, ana roƙon duk wanda sanarwar nan ta riska, in hanyarsa ta bi ta layin masu kayan babur, ya tsaya ya karanta ta da ƙarfi.