Fitsarin Goɗiya Mai Ciki

A takardar maganin da Gwaggo ke sha tun da al'adarta ta ɗauke na karanta cewa daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace sinadarinsa. Ni malamin kimiyya guda a Bagudo, na ce sai na gano sirrin fitsarin nan da kaina.

Na ɗauki kwano na nufi rugar Ardo a Geza, na zaɓi dabbar da ta fi tumbi cikin dawakinsa, na tsuguna. Na daɗe ina jira, mata suka sauke ƙoren nono suna kallo.

Can Ardo ya yi gyaran murya. "Malam, wanga fa namiji ne, ƙoshi ya yi."

Har yau in na shiga kasuwa, masu nono kan tambaye ni, "Likita, ya haihu kuwa?"